Yadda Aka Wayi Gari da Fafaroma Uku a Lokaci Ɗaya

A tsohuwar dokar Cocin Katolika akwai ƙa'idoji biyu da aka daɗe ba a ga haɗarinsu ba. Ta farko, babu kotun da ke da hurumin yi wa Fafaroma shari'a. Ta biyu, babban taron bishop-bishop ba ya halatta sai in Fafaroma ne ya kira shi. Muddin kowa ya san wane ne Fafaroma, lafiya lau. Amma ranar da mutum biyu suka tashi kowanne yana cewa shi ne, ƙa'idojin nan su suka toshe duk wata mafita. Abin da ya faru ke nan daga 1378 zuwa 1417.

Tun 1309 fadar Fafaroma tana Avignon, a kudancin Faransa ta yau, kuma Fafaroma bakwai a jere duk Faransawa ne. Gregory na 11 ya mayar da ita birnin Rum a 1377, ya rasu a watan Maris na 1378. Kadinal 16, wato manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, suka shiga ɗakin zaɓe, 11 daga cikinsu Faransawa, jama'ar gari kuwa sun cika tituna suna ihun a ba su ɗan Rum, in bai samu ba ko ɗan Italiya ne. Ranar 8 ga Afrilu aka zaɓi Bartolomeo Prignano, babban bishop na Bari, wanda ko kadinal bai kai ba. Ya ɗauki sunan Urban na 6. Suka naɗa shi, suka yi masa mubaya'a, suka sanar da sarakuna. Sai ga shi mutum mai zafin rai, yana ci wa kadinal-kadinal ɗin mutunci a bainar jama'a. Kafin bazara ta wuce sun sulale zuwa Anagni, suka ce tsoron mutuwa ne ya sa suka zaɓe shi, zaɓen dole kuma ba zaɓe ba ne. Ranar 20 ga Satumba a garin Fondi suka zaɓi Robert na Geneva, wato Clement na 7, wanda ya koma Avignon da zama.

An sha yin Fafaroman jabu kafin wannan, amma yawanci wani sarki ne ko wani ɓangare ke ɗora shi, kuma ana gane shi. A nan masu zaɓe ɗaya ne suka zaɓi mutum biyu cikin wata shida, kuma su kaɗai ne shaidun abin da ke zukatansu ranar zaɓen farko. Da babu alƙali, sai siyasa ta raba gardama. Faransa da Sikotland, daga baya Kastil da Aragon, suka bi Avignon. Ingila da Hangari da Foland da yawancin ƙasashen Jamus suka bi Rum.

Mutuwa ma ba ta warware komai ba, kuma dalilin a fili yake. Kowane Fafaroma yana naɗa nasa kadinal-kadinal, muƙaminsu da kuɗin shigarsu kuwa sun rataya ne a kan halaccin wanda ya naɗa su. Da ya rasu sai su yi maza su zaɓi magaji. A 1394 malaman Jami'ar Paris suka kawo hanyoyi uku: su biyun su yi murabus, ko su yarda da masu sasanci, ko a kira babban taro. A shekarar Clement ya rasu, aka zaɓi Pedro de Luna, Benedict na 13, bayan ya yi rantsuwar zai sauka in hakan ne zai haɗa kan coci. Bai sauka ba. Faransa ta janye masa biyayya a 1398, aka yi wa fadarsa ƙawanya, ya tsere a 1403. A 1407 shi da Gregory na 12, Fafaroman ɓangaren Rum na lokacin, suka yi alkawarin haɗuwa a Savona. Benedict ya kai har Portovenere, Gregory ya tsaya a Lucca, kowa ya kafe, ba su taɓa ganin juna ba.

Da haƙuri ya ƙare, kadinal-kadinal na ɓangarorin biyu suka kira taro da kansu a Pisa a 1409, suka tsige su duka, suka zaɓi Alexander na 5. Kuskurensu shi ne sun zaɓi sabo kafin su raba tsofaffin da sarakunan da ke mara musu baya. Garin neman gira aka rasa ido: Fafaroma suka zama uku. Alexander ya rasu a 1410, Baldassare Cossa ya gaje shi da sunan John na 23.

Taron Konstanz, wanda aka buɗe ranar 5 ga Nuwamba 1414 bisa matsin lambar Sigismund, sarkin Jamus, ya yi nasara ne saboda tsarin aikinsa. John ne ya kira shi, ya zo da tarin bishop-bishop na Italiya yana sa ran yawansu zai tabbatar da shi. Sai aka ce ba da kawuna za a ƙirga ƙuri'a ba, da al'umma ne: Italiya, Faransa, Jamus, Ingila, kowacce ƙuri'a ɗaya, daga baya Sifaniya ta zama ta biyar. Da ya ga rinjayensa ya narke, sai ya ɓad da kama ya gudu ranar 20 ga Maris 1415, da tunanin taron zai watse tunda mai kiransa ba ya nan. Maimakon haka, ranar 6 ga Afrilu taron ya fitar da dokar Haec Sancta, wadda ta ce ikonsa kai tsaye daga Almasihu yake, kuma kowa, har Fafaroma, wajibi ne ya bi shi a kan abin da ya shafi bangaskiya da kawar da rarrabuwa da gyaran coci. Aka kamo John, aka tsige shi ranar 29 ga Mayu. Benedict ya ƙi sauka har aka tsige shi a Yulin 1417, ya mutu a fadarsa mai ganuwa ta Peniscola a 1423 yana nan a kan bakansa. Kada kuma a ɗauka taron masu sassauci ne: su ne suka yanke wa Jan Hus, malamin addini mai sukar coci, hukunci, aka ƙone shi ranar 6 ga Yuli 1415, alhali yana riƙe da takardar kariya daga Sigismund.

Zaɓen ma an ɗaure shi tamau. Kadinal 23 da wakilai 30, shida daga kowace al'umma, kuma sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na kadinal-kadinal da na kowace al'umma daban. Ranar 11 ga Nuwamba 1417 Oddone Colonna ya samu, ya zama Martin na 5. Kafin nan an kafa dokar Frequens: a sake taro bayan shekara biyar, sannan bayan bakwai, daga nan duk shekara goma.

A ganina wanda ya fi kowa dabara shi ne Gregory na 12. Ya yarda ya sauka ranar 4 ga Yuli 1415, amma da sharaɗin a fara karanta takardarsa da ke kiran taron, tamkar sai a ranar ya fara zama halattacce. Mahalarta suka ƙyale shi, suna ganin faranta wa tsoho rai ne kawai. Wannan takardar ce daga baya ta zama hujjar masu cewa Haec Sancta, wadda ta riga ta da wata uku, ba ta da ƙarfin doka. Taron Basel da aka buɗe a 1431 ya yi ƙoƙarin aiki da Haec Sancta, ya ƙare da naɗa wani Fafaroman hamayya, Felix na 5, wanda ya sauka a 1449. A 1460 Pius na 2, wanda shi kansa a da ɗan ɓangaren Basel ne, ya haramta ɗaukaka ƙara daga Fafaroma zuwa babban taro. Da aka zaɓi Angelo Roncalli a 1958 kuwa, sai ya ɗauki sunan John na 23, ba na 24 ba, wato bai ƙirga John na 23 na ɓangaren Pisa cikin halattattun Fafaroma ba.