Kakarin da na ɗauka numfashi ne

Jibi zan miƙa makullin akwatin taimakon gaggawa bayan shekara bakwai yana hannuna. Wanda zai gaje ni ya ce in rubuta masa abin da na koya. Kusan duka a rana ɗaya na koye shi.

Ina shekara ta biyu wani dattijo a sashen lodi ya yanke jiki ya faɗi, aka ƙwala mini kira. Na same shi rigingine, baki a buɗe, yana jan iska da ƙara. Ya ja sau ɗaya, shiru, can sai ya sake ja. Na ce alhamdu lillahi, da sauran numfashi. Na juya shi gefe kamar yadda ake yi wa wanda ya suma, na sa mutane suka ja baya, wani yana ta yi masa fifita da kwali. Muka zuba ido muna jiran motar asibiti.

Ma'aikaciyar da ta sauko ko kallona ba ta yi ba, ta mirgina shi ta hau danna ƙirji. Tana dannawa ta ce, "Malam, tun yaushe yake haka?" Na ce ya kai minti goma sha biyu. Ba ta sake ce mini uffan ba. Allah Ya jiƙansa, bai kai asibiti ba.

Abin da na ji ba numfashi ba ne, kakari ne irin wanda mutum kan yi bayan zuciya ta riga ta tsaya. Ƙwaƙwalwar da jini ya daina isa gare ta kuwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Daƙiƙa 10 gare ka ka duba. In ka kira mutum ka jijjiga shi bai amsa ba, numfashinsa kuma ba irin na kullum ba ne, fara kawai: gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, hannuwa a miƙe, ka nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Danna 30, hura masa iska a baki 2. In ba za ka iya hurawa ba, ci gaba da dannawa. Duk na haddace wannan, da shi na ci jarrabawa. Sai dai mutum-mutumin robar da muka koya a kansa ba ya kakari.

Kafin ranar, sau uku ina rubuta wa oga a tura mu bita, a kuma sayo AED, na'urar nan mai girgiza zuciya da lantarki. Kullum amsar ita ce babu kuɗi. Da rahoto ya fito, layi ɗaya aka ba ni: jami'in taimakon gaggawa bai fara a kan lokaci ba. Ban musa ba. Amma takarduna uku ko ɗaya ba a ambata ba. Na je na sami oga, ya ce, "Ka yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, in kwana ne ya ƙare, me sunana ke yi a ciki?"

Sauran gajeru ne. Kada ka ce "a kira mota", nuna mutum ɗaya ka ce kai, kira. Ku riƙa canjin hannu duk minti 2, gajiya na rage zurfin danni. Ƙuna, ruwan sanyi mai gudu na minti 20. Mai farfaɗiya, kada a cusa masa komai a baki. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa.

Bara wani direba ya faɗi, ina danna masa ƙirji na ji haƙarƙarinsa ya yi ƙaras a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba. Yana nan yana tuƙi.

AED ɗin an saye shi wata huɗu bayan rasuwar dattijon, oga ne ma ya riƙe shi a hoto. Ka riƙa duba batirinsa da ranar da faifansa da ake mannawa a ƙirji za su daina aiki. Kwafin takardun nan uku suna can ƙasan akwatin, a ƙarƙashin bandeji.