Fawwar ɗin Inna da hawan jinin da ya ƙi sauka

Tun ranar da likita ya ce jinin Inna ya hau, girkin gidanmu ya canza, kuma da yake ni ke riƙe da tukunya, a kaina dokar ta sauka. Na rage gishiri har ya zama sai dai a ce an nuna wa miya shi. Na kori magi. Zaitun, cuku mai gishiri, mukhallal ɗin da ake haɗo mu da shi in an sayo shawarma, tsiren Shari' Mansur na nan Makka da Inna ke so kamar me, duk na hana su shigowa. Na koma daddawa da citta da tafarnuwa da lemun tsami. Yara suka yi ta ƙorafi, maigida yana ci yana shiru irin na wanda ba ya son rigima. Ni kaina na ci abinci lami na watanni, ban ce uffan ba.

Amma na'urar awo ta ƙi yarda da ni. Safe da yamma lambar sama tana yawo a wajen 160, wani lokaci ta wuce. Likita ya ƙara mata magani. Ƙafafunta suka soma kumbura, takalmin da take zuwa Harami da shi ya daina shiga. Daga nan aka fara yi mini wani irin kallo. Yayana, wanda ke zaune a Jidda yana leƙo mu ƙarshen mako, shi ya fito fili ya faɗa.

"Ke dai faɗi gaskiya. Kina ɗan jefa magi a ɓoye saboda yara, ko?"

Na ce, "Yaya, shiga kicin ka duba."

Ya ce ba sai ya duba ba, ai na'ura ba ta ƙarya. Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Mutum yana hana kansa ɗanɗano saboda uwarsa, a wayi gari a ce shi ke cutar da ita.

Wata mai harhaɗa magunguna a cibiyar lafiya ta unguwarmu ce ta warware abin. Ta ce in kawo mata duk abin da Inna ke sha, har wanda ba mu ɗauke shi magani ba. Na tattaro komai a leda na kai. Ba ta ko kalli magungunan hawan jinin ba. Ta zaro dogayen kwalayen fawwar, wato ƙwayoyin nan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa su narke, ta jera su gefe guda, ta ɗora 'yan fakitin garin ƙwannafi a kansu, ta tambaye ni sau nawa Hajiya ke shan waɗannan.

To, ga yadda abin yake. Inna ba ta iya haɗiyar ƙwaya, tana maƙale mata a wuya, don haka farasitamol ɗin ciwon gwiwarta mai narkewa ne, biyu-biyu, sau uku a yini in sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya taso mata da ciwon. Bitamin C kuma tun tarin da ya zagaya gari bayan aikin Hajji ta saba da shi, kofi ɗaya kowace safiya, tana cewa lemonta. Bayan abincin dare kuwa sai garin ƙwannafi, ta sha ta yi gyatsa ta ce alhamdu lillahi. Kuma wa ke sayo mata su kwali-kwali daga saidaliyya, wato kantin magani, don nuna kulawa? Yaya.

Matar ta juya takardar da ke cikin kwalin, wadda ba wanda ke karantawa a gidanmu, ta nuna mini wani layi can ƙasa da ƙananan haruffa. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol mai narkewa tana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 400. Shida a yini, 2,400 ke nan. Fakiti ɗaya na garin ƙwannafi, mai giram 5, ya haura miligiram 800. Bitamin ɗin ya ƙara nasa, kusan 300. Jimla ta tasam ma 3,500. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada baligi ya kai miligiram 2,000 a yini, daga abinci da abin sha da komai, wanda ya yi daidai da gishiri giram 5, cokalin shayi ɗaya. In kana son mayar da sodiyam zuwa gishiri, ninka shi biyu da rabi. Na lissafa a waya: Inna na shan abin da ya fi cokali ɗaya da rabi na gishiri a kofin ruwa, ni kuwa ina can ina auna ɗan tsunkule a miyar kuka ina jin tsoron Allah.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ya ɗanɗanon gishiri ko kaɗan. Kumfar nan da ke tashi in an jefa ƙwayar a ruwa, wadda yara ke taruwa su kalla, ita ce shaidar. Ana haɗa garin bikabonet, irin wanda muke sa wa fanke da kek, da sinadarin tsami na lemo. Da sun ji ruwa sai su fitar da iska, ƙwayar ta narke, sodiyam ɗin ya zauna a cikin ruwan. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bikabonet sodiyam ne. Sai a bi da zaƙi da ƙamshin lemo a rufe. Harshe ba ya ganewa, amma ƙoda ta sani: jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a jijiyoyi, ƙafa ta kumbura, maganin hawan jini yana ja nan fawwar yana ja can.

Ashe ma tsohon zance ne a wajen masana. 'Yata mai karatun jinya ta nemo mini wani bincike na 2013 daga Jami'ar Dundee a Birtaniya, inda aka bi bayanan mutum sama da miliyan ɗaya. Waɗanda aka rubuta wa magunguna masu sodiyam sun ninka masu shan irin maganin mara sodiyam kusan sau bakwai wajen kamuwa da hawan jini, shanyewar ɓarin jiki ma ta fi yawa a cikinsu da kashi 22 cikin ɗari. Tun 2013! Amma duk zaman da muka yi gaban likita, tambayar ɗaya ce: kuna rage gishiri a abinci? Ba wanda ya taɓa cewa, me take jefawa a ruwa? Su ma masu kantin magani suna miƙo maka shi kamar alewa, ba takardar likita, ba tambayar ko akwai mai hawan jini a gidan. A ƙasar da hukuma ta ƙayyade gishirin burodi, ni dai ina ganin ya kamata lambar nan ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar kwali, ba a ɓoye ta a takardar da aka ninke sau takwas ba.

Gyaran bai yi wuya ba. Aka canza mata farasitamol zuwa na ruwa, irin na kwalba. Bitamin C aka ce ta bari, ta ci lemo da gwaiba. Ƙwannafin likita ya ba ta wani magani daban, ya ce ta daina kwanciya da zarar ta ci abinci. Maganin hawan jininta ba mu taɓa shi ba, kuma kada wani ya karanta wannan ya ajiye nasa. A hankali lambar ta soma sauka, kumburin ya sace, daga baya likitan da kansa ya janye ƙarin da ya yi. Ban ce ta warke ba, hawan jini yana nan, amma ya dawo inda magani ke iya riƙe shi.

Da na ba Yaya labari, sai ya ce ai shi taimako ya yi niyya. Na sani. Ni ma taimako nake yi lokacin da aka ce ina jefa magi a ɓoye.

Yanzu duk abin da ke kumfa a ruwa, sai na nemi layin sodiyam kafin in biya kuɗi. In takardar ta ce ƙasa da miligiram 23 a ƙwaya, wannan kamar babu ne. In ta rubuta da milimol, ninka da 23. In ba a rubuta komai ba, wanda ya fi faruwa da bitamin da sauran abubuwan ƙarin kuzari, ina duba jerin kayan haɗin, in na ga bikabonet ko kabonet na sodiyam a sahun farko in mayar da shi kan kanta. Har fawwar ɗin da mutanenmu ke sha wai don wanke ƙoda, da yawansu sodiyam ne a ciki. Akwai masu amfani da fotasiyam a madadinsa, amma mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini ba zai sha su kai tsaye ba sai ya tambaya. Haka ma niƙa ƙwaya don tsoho ya iya sha: wasu an yi su ne su narke sannu a hankali a ciki, niƙawa na ɓata su. In dare ya yi ba likita kusa, ina kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya in tambaya.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa da gangan aka sa masa sodiyam, shi ke ceton rai, ba a hana yaro shi. Lafiyayyen matashi da ya sha fawwar na kwana biyu saboda mura, ba abin tashin hankali ba ne. Maganata a kan tsofaffinmu ne masu hawan jini da ciwon zuciya da na ƙoda, masu sha kullum wata da watanni, da alhazan da ke cika jaka da shi su kai gida tsaraba.

Da Inna ta ga an ɗauke mata garin ƙwannafi, sai ta aika jikanta ya sayo mata kanwa a wajen masu kayan miya, wai ta koma jiƙon da ta sani tun tana yarinya. Na kama shi a bakin ƙofa. Kanwa ma sodiyam ce, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na ce, "Inna, wannan ma ɗan'uwan wancan ne." Ta ce in haka ne mu faɗa mata abin da ya rage a duniya wanda aka yarda ta sha. Na dafa mata na'a-na'a da citta, ta sha rabi ta ture kofin.