Abin da na koya a shekara huɗu ina karanta saƙonnin masu kallon Baba

Jiya na miƙa wayar saƙonni da makullin durowa na fito daga tashar talabijin ɗin da nake aiki, bayan shekara huɗu da 'yan watanni. Tun da na sanar mutane suke ta kirana wai me ya faru, wasu har suna cewa ko albashi ne, to ba albashi ba ne, duk da shi ma ba a cewa komai. Na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta, ko wani yaro da za a ba irin aikina zai amfana.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san shirin da nake nufi kuma sun san mutumin, ba sai na kama suna ba. Zan ce Baba kawai kamar yadda kowa ke ce masa tun daga mai gadi har manaja. Shekara 19 yana kan kujerar nan daga ƙarfe 11 na dare zuwa 12 da rabi, in azumi ya zo kuma a ja shirin har kusan sahur. Ina firamare ya fara. Mahaifina da muryarsa yake barci. Ni kuma da aka ɗauke ni aikina shi ne ra'ayin masu kallo, wato tes da ke shigowa wayar shirin, da WhatsApp, da abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon a Facebook, in tace in miƙa masa a takarda kafin hutun talla na biyu.

Da aka kawo mana sabon shugaban sashen shirye-shirye, sati na uku ya kira ni ofis ya rufe ƙofa ya ce yana son rahoto a kan abin da masu kallo ke cewa game da Baba, na wata uku, kuma kada in faɗa wa kowa. Na ce to ranka ya daɗe. Wallahi daɗi na ji, don tunda na zo tashar ba wanda ya taɓa neman ra'ayina a kan komai, kullum dai kawo takarda, riƙe waya, je ka gaya wa mai janareto kar ya kashe.

Na zauna na kwashe sharhin Facebook na wata ukun nan kaf. Kuma gaskiya ƙorafin yana da yawa, ba ƙirƙira na yi ba. Baba ya tsufa. Gaisuwarsa kaɗai tana cin minti goma. Yana katse baƙo a tsakiyar magana ya kawo labarin 1980 da wani abu. Karin maganarsa guda biyar ce yake juyawa. In ɗan siyasa ya zo ba ya matsa masa, sai dai ya ce to Allah ya ba da ikon cikawa. Wasu daga cikin waɗannan ni ma na yarda da su har yau, musamman na 'yan siyasa, don akwai daren da wani kwamishina ya yi ƙarya tsirara a kan ruwan sha Baba ya bar ta ta wuce, na kwana ina jin haushi.

Kuskurena guda biyu ne kuma dukkansu nawa ne ba na kowa ba. Na farko na ƙirga sharhi ban ƙirga mutane ba. Na biyu, wanda shi ne ya fi ci min rai, na ajiye wayar tes gefe gaba ɗaya. Dalilina a lokacin wai ai babu ra'ayi a ciki, duk gaisuwa ce da addu'a. Ina gaida Baba daga tashar mota, Allah ya ƙara lafiya. Baba muna tare daga ɗakin haihuwa, masu aikin dare ne. Baba a gaida min mahaifiyata ba ta da lafiya tana kallo. Irin waɗannan ɗaruruwa a sati, da rubutun da wani sai ka karanta sau biyu ka gane, na ce wannan ba abin da za a sa a rahoto ba ne. Sai na rubuta jimla ɗaya a shafin farko, har yanzu ina iya ganinta in na rufe ido: mafi yawan masu kallo sun gaji da mai gabatarwa.

Ranar Litinin aka yi mitin. Oga ya ɗaga takardar ya karanta jimlar nan da ƙarfi, ya faɗi sunana, ya ce ga abin da yaron da ke riƙe da wayar jama'a ya gano. Baba yana zaune a gefena. Bai kalle ni ba, hularsa kawai ya cire ya mayar. Aka ce masa daren Alhamis ɗin da ta wuce shi ne na ƙarshe, za a ba shi wani shiri na rabin awa ranar Asabar da rana. Mutumin da ya yi shekara 19 ko sallama ba a bari ya yi wa masu kallonsa ba.

Daren farko na sabon mai gabatarwa, wanda yaro ne mai ƙoƙari kuma ba shi da laifin komai, wayar nan ba ta huta ba. Ina Baba, lafiya dai ko, ko rasuwa ya yi kuna ɓoyewa. Kwana uku ana haka, daga nan kuma sai shiru, kuma shirun ne ya fi ba ni tsoro, wayar da nake caji sau biyu a dare ta koma tana kwana da cajinta. Wani mai shayi ya zo har bakin get da safe, ya ce shi da ƙaramar talabijin ɗinsa da batir yake kunna shirin a teburinsa kuma saboda shi mutane ke zama har ɗayan dare, yanzu ana idar da labarai kowa ke tashi. Wata tsohuwa jikanta ya kawo ta a Adaidaita Sahu, ta ce ita ba ta zo faɗa ba, so take a gaya mata gaskiya ko yana raye. Ni aka turo in yi musu bayani. Ban san abin da na ce mata ba.

A daren ne na koma kan sharhin nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na jera sunayen masu rubutawa. Mutum ashirin da 'yan kai ne suka rubuta fiye da rabin ƙorafin, wani shi kaɗai kullum sai ya rubuta sau huɗu sau biyar, kuma da yawansu da safe suke rubutawa a ƙarƙashin guntun bidiyon minti biyu da muke yankowa, wato ba ma sa kallon shirin. Wanda ke kallo tun daga farko har ƙarshe shi ne mai gadi da direban da ke jiran lodi da mai jego da ɗa ya hana barci da ma'aikaciyar jinya da dattijon da barci ya daina zuwar masa, kuma waɗannan ba su da datar zama a Facebook, in ma suna da ita ba su ga dalilin rubuta dogon bayani a kan abin da suke so ba. Gaisuwar nan da na raina ita ce ra'ayinsu. Mutum ya cire kuɗi daga katinsa da tsakar dare don kawai ya ce Allah ya ƙara lafiya, me kuma ake so ya ce?

Abin da ya ƙara min takaici shi ne na san labarin Amurka tun muna makaranta, har jarrabawa na rubuta a kai. Tashar NBC ta can, ba hukumar NBC tamu mai kula da gidajen rediyo da talabijin ba, ta sanar tun 2004 cewa Jay Leno zai sauka daga shirin hira na dare mai suna The Tonight Show a 2009 ya ba Conan O'Brien, alhali Leno ne kan gaba a yawan masu kallo a wannan lokacin na dare. Aka yi hakan, masu kallo suka ragu, wata bakwai kacal Conan ya bar shirin a Janairun 2010, Leno ya dawo kujerarsa a Maris ya zauna har 2014. A lokacin intanet kaf bayan Conan take, matasa har zanga-zanga suka yi masa, in da sharhi ake bi da Leno bai dawo ba. Amma su suna da kamfanin Nielsen da ke auna gidaje nawa suka kunna, sun san bambancin mai surutu da mai kallo. Mu a tasharmu ba mu da ma'aunin komai sai wayar nan da ke hannuna, ni kuma na ajiye ta gefe. Kuma ko a can ɗin da ake cewa kuɗi ne kawai a gabansu, Johnny Carson ya yi shekara 30 yana gabatar da shirin kafin Leno an bar shi ya yi daren bankwana a 1992, David Letterman mai wani shirin daren ya sanar da ritayarsa a 2014 bai sauka ba sai Mayun 2015, fiye da shekara guda mutane suna shirin rabuwa da shi. Mu da muke taƙama da girmama na gaba a mitin ɗin Litinin muka sallami namu.

Da masu talla suka fara janyewa, mai kantin atamfa na Kwari da ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin hutun farko ya ce shi da Baba ya yi alkawari ba da tasha ba, sai ga takardar tuhuma a teburina. Wai in yi bayani cikin awa 24 dalilin da na ba hukumar gudanarwa rahoton da ya ɓatar da ita. Wanda ya sa hannu shi ne wanda ya rufe ƙofa ya ce kada in faɗa wa kowa. Na amsa laifina a rubuce, duka biyun, ban ɓoye ba. Amma daga baya wani a sashen kuɗi ya nuna min cewa an riga an gama magana da sabon mai gabatarwa sati biyu kafin a kira ni ofis. Ashe an yanke hukunci tuntuni, takarda kawai ake nema mai sunan wani ƙarami a kai. Wannan ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Har na bar wurin bai taɓa ce min ko sannu ba, in mun haɗu a baranda sai ya hau danna waya.

Don haka duk wanda aka ce ya rubuto abin da jama'a ke cewa, ya fara tambaya me za a yi da shi, kuma ya nemi a ba shi umarnin a rubuce. Kada ka rubuta mafi yawa sai ka ƙirga kawuna. Ka ajiye kwafin komai a gida. In babba ya rufe ƙofa kafin ya ba ka aiki, ka san ba don girmanka ya rufe ba. Sauran kuma ƙananan abubuwa ne, kamar ka riƙa gaida masu kamara da direbobi don su ne suka tsaya min lokacin da na sama suka ɗauke kai.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa gidan Baba, don bai karɓi shirin Asabar ɗin ba, ya ce shi mutumin dare ne. Na same shi a soro bayan la'asar, na durƙusa na ce Baba ni ne na rubuta, ka yafe min. Ya ce ai na sani ɗana, tashi ka zauna. Bai yi min faɗa ba ko kaɗan, sai ya hau tambayata mutane. Mai gadin nan na Sharaɗa da ke turo tes kullum ƙarfe 12 yana turowa? Matar nan da mijinta ke kwance a asibiti ya samu sauƙi? Yaron da ya ce zai rubuta JAMB karo na uku fa? Duk ta hannuna saƙonninsu suka bi suka je gare shi, ni na manta da su shi yana riƙe da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gaisuwar da ake cewa tana cin minti goma ai sunayensu yake kira, don wani a cikinsu duk yinin ranar ba wanda ya ambaci sunansa. A nan ne na kasa riƙe hawaye.

Kafin in miƙa wayar jiya na yi sati uku ina kwafe lambobin masu turo tes na shekara huɗun nan da garuruwansu a littafi, da hannuna, bayan an tashi daga aiki, ba wanda ya sa ni. Wanda zai gaje ni na zaunar da shi na nuna masa su waye a ciki, na ce ko oga bai tambaya ba ya riƙa karanta su. Baba kuma na kai masa saƙonnin da aka turo ana tambayarsa bayan tafiyarsa, shafi goma sha ɗaya, ya sa tabarau ya fara daga na farko, na baro shi yana karantawa.