Minti goma na makanta

Balan-balan ɗinmu ya dawo! Ya gama zagayensa na farko na Antatika, iska ta sake kawo shi inda eriyarmu ke iya kama shi kai tsaye. Tun a motar da ke kai mu fili daga tashar bincike ta McMurdo abokin aikina Dogo yake ta tsalle a kujera, da muka sauka kuma ya ja hannun rigata ya nuna min wani ɗigo fari can sama, nesa da hayaƙin Dutsen Erebus. Abin da aka ɗura wa hiliyam har cikinsa ya wuce mita kubik miliyan ɗaya, wai shi ne ɗigon nan. Yana rataye a wajen kilomita 37 daga ƙasa, kusan duk iskar duniya tana ƙarƙashinsa, na'urarmu kuma, mai ƙirga ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya, tana lilo a jikinsa. Har na ɗaga masa hannu, ba zan ɓoye muku ba.

Asuba yau ma da rana fatsa-fatsa na yi ta, bisa jadawalin Niyu Zilan kamar kullum. Karin kumallo, ƙwan gari da burodi. Yajin Inna ya kusa ƙarewa, Dogo ne ya gano inda nake ɓoye shi.

Dalilin murnar shi ne, duk lokacin da balan-balan yake can bayan nahiyar, bayanai ta tauraron ɗan'adam suke saukowa zuwa garin Palestine na jihar Texas a Amurka, sannan su iso mana, kaɗan-kaɗan. Samfuri kawai muke gani, mafi yawa yana ajiye a faifan da ke cikin na'urar sai an sauko da ita. Ka tura umarni, ka zauna kana jiran amsa har shayinka ya huce. Amma idan eriya tana kallonsa, komai zubowa yake yi, umarni kuma kafin ka ɗauke yatsa ya isa. Damar ba ta daɗewa, iska ba ta tsayawa jiran kowa.

Shi ya sa tun jiya na tsara abin da nake son yi da wannan damar: saiti na kusan minti arba'in. A fara karanta sifilin kowane layi, wato abin da yake nunawa lokacin da babu abin da ya ratsa shi. Sai a kunna ƙananan fitilun LED da ke cikin akwatin na'urar, daga haske mai rauni a riƙa ƙarawa har mai ƙarfi sosai, a ga yadda kowane bututun kama haske yake amsawa. Na tura wa Oga tsarin, ina ganin zai ce madalla.

Ya kira ni ta bidiyo, yana tauna wani abu. Ya ce a'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanne ɓangare ne a'a?"

Ya ce dukansa. Wai duk mintin da fitila take kunne, na'urar makauniya ce, kuma ba mu kashe shekaru muna haɗa ta ba don ta hau sama ta kalli fitilarmu. Wai ai ƙarfe yana saita mana ita kyauta.

Bari in yi adalci, maganarsa ba shirme ba ce. Idan cibiyar zarra ta ratsa farantin roba mai ƙyalli da ke cikin na'urar, hasken da take bayarwa yana tafiya ne kusan daidai da lambar cibiyar a jerin sinadarai in an ninka ta da kanta. Kabon lamba 6 ne, ya ba da 36. Ƙarfe lamba 26, ya ba da 676. Ƙarfe kuwa yana da yawa a cikin ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya, ba dare ba rana yana ratsa mu, har ya tara tudu sarai a kan allo. Da zafi ko sanyi ya sa bututu ya ɗan kauce, tudun nan zai matsa, mu gani mu gyara a lissafi. Kuma yana matsawa kullum, domin ko da yake rana ba ta faɗuwa, tana yin ƙasa da tsakar dare ta yi sama da tsakar rana, balan-balan ya ɗan sauko ya sake hawa, akwatin ya yi sanyi ya yi ɗumi. Duk wannan ƙarfe yana riƙe mana shi. Ban musa ba.

Amma ba ƙarfe muka zo nema ba. Abin da ya fi shi nauyi muke so, daga zink mai lamba 30 zuwa zirkoniyam mai lamba 40 da abin da ya yi sama, saboda su ne za su faɗa mana irin taurarin da ƙwayoyin nan suka fito. Zirkoniyam 1,600 zai bayar, ya ninka ƙarfe sau biyu da wani abu. A can saman babu wani tudu da za ka jingina da shi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mai sikelin da dutsen kilo ɗaya kawai yake da shi ba zai yi rantsuwa a kan buhu ba." Idan bututu ya fara gajiya a haske mai ƙarfi, lamba 38 za ta zo mana da kamar 37, kuma ba za mu taɓa sani ba.

Ya ce fitila bututu da wayoyi kawai take gwadawa, ba ta san komai ba game da robar kanta, wadda ita ma haskenta yana gazawa idan cibiyar ta yi nauyi. Wannan ma gaskiya ne. Na ce to ai rabin amsa ta fi babu. Ya ce an auna duk wannan a ƙasa kafin a tashi. Na ce a ƙasa ba a wannan sanyin ba, ba kuma bayan girgizar tashi ba. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Har yanzu tunanin ɗakin gwaji kake yi."

Wannan kalmar ce ta tsaya min a wuya tun safe. Ba da faɗa ya faɗe ta ba, da ma faɗan ne da ya fi min sauƙi. Cikin ruwan sanyi ya ce, irin yadda ake gaya wa yaro zai gane idan ya girma. Ni da na kwana a kan bututan nan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke da taurin kai da wanda ke son a lallaɓa shi. Na yi shiru dai. Babba babba ne, kuma shi zai sa hannu a kan sakamakon.

A ƙarshe ya ba ni minti goma. Ya ce in zaɓi abin da ya fi muhimmanci, kada in taɓa ƙarfin lantarkin ko bututu ɗaya, domin duk canji yana raba bayananmu gida biyu, na kafin da na bayan.

Na zaɓi matakai huɗu na sama na fitilar, na bar sauran. Dogo ya karanta umarnin da ƙarfi, na maimaita, sannan na danna, haka ƙa'ida take, mutum ɗaya ba ya turawa shi kaɗai. Lambar da ke ƙirga ƙwayoyi a kusurwar allo, wadda tun ranar tashi ba ta huta ba, ta tsaya cak.

Ban san zan ji haka ba. Ni na nemi abin, ni na yi jayayya a kansa, amma da lambar ta tsaya sai cikina ya ɗuri ruwa. Sai ga Dogo, Allah ya shirye shi, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, ga zirkoniyam ɗin Oga can yana wucewa, yana ɗaga mana hannu." Ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna. Sai ƙarfe sama da dubu ya wuce kafin a ga zink ɗaya, kuma waɗanda suka fi zink nauyi sun fi shi ƙaranci. Wata cibiyar ta yi shekaru miliyoyi tana yawo a tsakanin taurari, maganaɗisun sararin sama yana juya ta nan da can, har ta faɗo daidai kan akwatinmu, ta tarar da ni na kunna fitila. Da hankali na san zai yi wuya hakan ta faru a cikin minti goma, lissafin ba ya da wahala, na ma yi shi a gefen takarda. Ƙaramar lamba ce ta fito, amma ba sifili ba. Kuma babu faifan da zai taɓa nuna min ko ta wuce ko ba ta wuce ba.

Na tuna Victor Hess, wanda a 1912 ya shiga kwandon balan-balan da kansa ya hau har wajen mita 5,300, ya ga alamar ƙwayoyin nan tana ƙaruwa a can sama maimakon ta ragu, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1936. Na'urorinsa suna gabansa, idan ya yi shakka sai ya duƙa ya duba da idonsa. Ba shi da Oga a bidiyo. To amma shi ma ai numfashi ya riƙa yi masa wuya a can, ni kuwa ina zaune kusa da hita da kofin shayi, don haka kada in cika ƙorafi.

Sakamakon? Shi ne abin haushin. Kusan duk bututan layinsu ya miƙe sambal har sama. Wasu 'yan kaɗan a kusurwa ɗaya sun ɗan lanƙwasa a mataki na ƙarshe, lanƙwasar da ba ta kai a ce ga shi na faɗa ba, ba ta kuma yi ƙanƙantar da za a share ta ba. Na tura masa hoton. Ya amsa da kalma ɗaya, "Da kyau." Da kyau me? Da kyau da muka auna, ko da kyau da bai ba ni arba'in ɗin ba? Na karanta ta har na gaji.

Abincin rana ban ma san me na ci ba.

Da yamma intanet ya yi kirki, na samu Inna. Awa goma sha biyu cif ke tsakaninmu, ina shirin kwanciya ita tana shirin karin kumallo. Ta ce, "Kai ɗan nan, muryarka ba daidai take ba." Na ce aiki ne, Inna. Ta tambaya ko abin namu ya faɗo, na ce a'a, yana nan lafiya. Ta ce to in dai bai faɗo ba, in ci abinci in kwanta. Ta ƙara da cewa hazo ya sauko sosai bana, sanyi ya hana su sakat, wai in riƙa sa hula. Ni da ke zaune kan ƙanƙara ake yi wa kashedin sanyin Kano.

Dogo na cewa in iska ta yi mana kirki za mu samu zagaye na biyu, ƙila na uku. Kullum sai ya kawo zancen SuperTIGER, wata na'ura irin tamu, da ta yi kwana 55 a sama daga Disambar 2012, kamar gadon gidansu ne. In hakan ta faru, balan-balan zai sake wucewa ta kanmu, kuma na riga na buɗe sabon fayil na fara rubuta abin da zan nema. Wannan karon minti ashirin zan ce, da hoton kusurwar nan a shafin farko. Ban yanke ba tukuna ko ni zan tura ko in sa Dogo ya tura da sunansa, shi da ba a taɓa ce masa mai tunanin ɗakin gwaji ba.

Layin wanki ya sake wuce ni. Gobe ni ke da aikin dare.