Duna ya amsa sunansa

Talata, da dare.

Kukan ɗan kwikwiyona Duna ne ya tashe ni tun gari bai waye ba. Na sunkuce shi sai kusurwar da na ware masa a waje. Ya shinshina ƙasa, ya ɗan zagaya, ya tsuguna ya yi fitsari. Nan take na yaba masa, na zaro ƙwayar abincinsa daga aljihu na ba shi. Likitar dabbobi ta ja mini kunne a kan wannan: in lada ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu bai zo ba, kwikwiyo ba zai haɗa shi da abin da ya yi ba. Shi ya sa aljihuna ba ya rabo da abincin.

Makonsa 9 da haihuwa. Ƙiyasin da ake yi shi ne kwikwiyo ɗan wata biyu yana riƙe fitsari kamar awa biyu, ɗan wata uku kamar awa uku, haka lissafin yake tafiya. Don haka da ya farka mu fita, da ya ci mu fita, da ya gama wasa mu fita.

Duk da haka da hantsi ya jiƙa kafet ɗin bakin ƙofa, kuma a kan idon yayana da ya leƙo gaishe ni. Ya ce, "Ke, dangwala masa hanci a ciki ki ɗan make shi, gobe ba zai sake ba." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba." Ya girgiza kai, wai sangarta shi nake yi. Maganar ta ɗan tsaya mini a rai, don na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma me kwikwiyo zai koya daga duka? Zai gane cewa yin fitsari a gabana haɗari ne. Sai ya koma bayan kujera ya yi a ɓoye, in na fita da shi kuma ya ƙi yi muddin ina tsaye. Ga tsoron hannuna da zai shige shi, hannun da nake so ya saki jiki da shi ranar da zan ba shi magani ko in duba masa kunne. Na wanke wurin da ruwan wanki mai cinye warin gaba ɗaya. Wanda ke da amoniya ba ya yi, domin warinsa ya yi kama da na fitsari, sai ya sake jawo shi wurin.

Cizo ne ya fi ba ni wahala yau. Haƙoran nan nasa 28 kamar allurai suke, kuma sai wajen wata huɗu zai fara famfara, manyan 42 su biyo baya. A cikin 'yan uwansa, in ya ciji wani da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan, da haka yake koyon sassauta baki. Yana daga cikin dalilan da ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. Ni ma haka nake masa: da na ji haƙori sai in janye hannu, in yi shiru, in miƙa masa igiyar taunarsa. Da la'asar dai abin ya wuce wasa, yana ta zagaye ɗaki yana kai wa ƙafata cafka. Gajiya ce. Kwikwiyo irinsa yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana, in bai samu ba sai ya birkice. Ina sa shi a kejinsa ya ɗan yi ƙorafi, ya ɓingire.

Da ya tashi muka yi darasi, minti biyar kacal, don hankalinsa ba ya kai fiye da haka. Yana can yana fama da wani tsumma na ce, "Duna!" Ya ɗago kai, ya kalle ni, ya saki tsumman ya sheƙo da gudu yana kaɗa wutsiya har yana tuntuɓe. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na sake gwadawa daga ɗaya ɗakin, ya zo. Na yi wa kaina alkawarin ba zan riƙa kiran sunan nan da faɗa ba, ina so duk lokacin da ya ji shi ya san alheri ne ke jiransa.

Abin da ke damuna shi ne fita da shi. Ba zai kammala alluran riga-kafi ba sai wajen mako 16, kuma ƙwayar cutar parvo, mai sa karnuka amai da zawo mai tsanani, tana iya yin watanni a ƙasa tana jiran kwikwiyon da bai gama rigakafi ba. Sai dai a waɗannan makonnin ne kuma yake saurin sabawa da mutane da ƙararraki, in lokacin ya wuce tsoro kan yi wuyar cirewa. Don haka da yamma na rungume shi muka fita bakin titi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ga yara, ya ga mai keke, bai damu ba. Da babur ya wuce jikinsa ya ɗauki rawa, sai na ja baya har inda ya natsu ya karɓi abinci, muka tsaya nan yana kallo.

Gobe akwai maganin tsutsar ciki, kuma zan tambayi likita game da kunnen hagun nan da yake yawan sosawa.