Yadda ake raba wa mutanen gari mataki a Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasa ne na ƙagaggen labari da ake yi da dayis, inda jagora ke tsara duniya, 'yan wasa kuma su zama jarumai a cikinta; mataki shi ne ma'aunin ƙarfin kowane mutum a wasan. Duk jagoran wasa da ya zauna tsara gari, tambayar da ta kamata ya fara amsawa ita ce: firist ɗin da ya fi kowa a haikalin garin nan, mataki nawa yake? Amsar ita ce za ta nuna irin duniyar da 'yan wasa za su shiga. A bugu na biyar na dokokin wasan, wanda ya fito a 2014, firist mai mataki na 3 yana warkar da cuta, yana kuma kafa da'irar da ba a iya yin ƙarya a cikinta. Mai mataki na 5, da addu'a ɗaya yake samar da abinci da ruwan da za su ishi mutum 15 na yini guda. Mai mataki na 9 kuwa yana tayar da wanda bai wuce kwana goma da mutuwa ba, in an kawo lu'ulu'u na zinari 500. To ka ga in ka ajiye irin wannan firist a kowane gari, kisan gilla ya daina tayar da hankalin masu kuɗi, annoba ta zama abin wasa, alƙali ma ba ya bukatar shaidu. Labarin binciken kisan kai da ka kwana kana shiryawa zai watse cikin minti biyar.

Tsofaffin bugu sun ɗauki lamarin da tsauri. Littafin jagora na 1979 da Gary Gygax ya rubuta ya ce a cikin 'yan Adam, mutum ɗaya cikin 100 ne ke iya hawa mataki. Sauran, manoma da 'yan kasuwa da yawancin sojoji, matakinsu sifili ne. Bugu na uku da ya fito a 2000 sai ya ba kowa aji (wato irin aikinsa a wasan) da mataki, ya ƙirƙiri ajujuwa biyar na mutanen gari: talaka, mai sana'a, soja, basarake da ƙaramin mai sihiri. Ya kuma zo da lissafi, wanda har yau yana da amfani in an san inda yake yoyo.

Ga yadda yake. Ɗauki gari mai mutum 4,000. Garin da ke tsakanin 2,001 da 5,000 yana da ƙarin maki 3. Don sanin gwarzon mayaƙin garin, sai ka jefa dayis mai fuska takwas ka ƙara 3. A ce 5 ya fito, ka sami mayaƙi ɗaya mai mataki na 8. Daga nan ana raba mataki biyu, ana ninka yawan mutane: biyu masu mataki na 4, huɗu masu na 2, takwas masu na 1. Mai sihiri da dayis mai fuska huɗu ake jefa masa, don haka ba zai wuce mataki na 7 ba. Firist kuwa mai fuska shida ne, ke nan gari ɗaya cikin shida masu wannan girman yana da mai tayar da matacce. Wannan jifar kada ka bar wa dayis ita, kai ne za ka yanke. Ragowar jama'a duk mataki na 1 ne, kashi 91 cikin 100 talakawa, kashi 5 sojoji, kashi 3 masu sana'a, ɗan abin da ya rage na masu sarauta da ƙananan masu sihiri.

Inda lissafin ya karye shi ne wajen talaka. Ana jefa masa dayis huɗu masu fuska huɗu a ƙara makin gari, sai a wayi gari a garin nan namu akwai manomi mai mataki na 13, da makin rai (yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) sama da 30 da ƙarin 6 a kan jifar dayis wajen kai sara, alhali mai gadin ƙofa ƙarin 1 gare shi. Tushen matsalar shi ne a bugun nan gwaninta a ɗaure take da mataki: makin da za ka zuba a sana'a ba ya wuce matakinka da uku. In kana son maƙerin da babu kamarsa a ƙasar, dole ka ɗaga matakinsa, matakin kuma ya jawo ƙarfin faɗa. Bugu na biyar ya kwance wannan ƙulli. Maƙeri ya zauna da makin rai 4 kamar kowane talaka, ka rubuta masa ƙarin 8 a aikin ƙira, shi ke nan. Haka ma sarki. Gadon sarauta gado ne, ba a fagen daga ake tara shi ba, ƙarfinsa yana cikin baitulmali da dakaru da masu yi masa biyayya.

Kuskuren da ya fi ɓata wasa shi ne jagora ya riƙa ɗaga masu gadi duk lokacin da 'yan wasa suka hau. A bugu na biyar, jiya mai gadi makin ransa 11, yau don jarumai sun kai mataki na 8 ya koma 60. 'Yan wasa suna lura, kuma hakan yana kashe musu daɗin ci gaban da suka sha wuya a kansa. Sai kuma su tambaya, da gaskiyarsu, me ya hana waɗannan masu gadi zuwa su kashe dodannin da suka addabi ƙauye tun farko? Bar mai gadi yadda yake. Dunƙulen wuta na mai sihiri ɗan mataki na 5 matsakaicin ɓarnarsa 28 ne, wanda ya kauce ma ya sha 14, ya faɗi. Amma fa masu gadi ashirin da suka bazu a kan ganuwa suna jifa da mashi, kowanne da ƙarin 3, a kan jarumi mai kariya 18 (lambar da jifar dayis mai fuska ashirin da ƙarin za su kai kafin a same shi), kusan shida za su same shi, wajen maki 27 a zagaye ɗaya. Da yawan mutane da iya tsayuwa gari ke kare kansa. In ana bukatar ƙashin baya, a sa musu tsohon soja ɗaya mai makin rai 58 a matsayin shugaba.

Duniyoyin da aka wallafa ma sun rabu a nan. Forgotten Realms ta Ed Greenwood cike take da manyan masu sihiri irin su Elminster, shi ya sa jagora ke ta neman dalilin da zai sa ba su zo sun gama matsalar ba. Eberron ta Keith Baker, wadda ta fito a 2004, ta bi wata hanyar: ƙaramin sihiri ya wadatu har a fitilun titi, amma masu babban mataki 'yan kaɗan ne. Ni wannan na fi ganin ya dace da mai gina duniya daga tushe. Ƙauye ya tsaya a mataki na 3, gari a na 5 ko na 6, duk wanda ya kai na 9 kuma ka ba shi suna, ka rubuta inda yake zaune, abin da ke ɗaure masa hannu, da abin da zai nema kafin ya buɗe wa 'yan wasa ƙofarsa.