Garkuwar ƙarfe a bayan kabin, awon ne ya cuce ni

Ƴan uwa direbobi masu jan plato, wato tirela mai shimfiɗaɗɗen baya marar bango, in za ku sa garkuwar ƙarfe a bayan kabin, don Allah kar ku yarda mai walda ya yi awo rimok, wato bayan da kan mota ke ja, na tsaye a miƙe. Abin da aka yi min kenan, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Rodi da tiyon ƙarfe nake ɗauka yawanci, daga nan Damagaram zuwa Tanut da Agadas, wani lokaci Gure. Wanda ya san hanyar Tanut ya san birki ba a shawara da shi, raƙumi ne ya faɗo ko rami ne sai dai ka taka, kuma rodi in ya zame kabin yake hudawa ya same ka a gadon baya. A lissafin ɗaurin kaya na Turai, kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ne ke turowa gaba in ka taka birki da ƙarfi, to ka ɗauki tan 30, tan 24 kenan ke neman bayanka. Garkuwa ba ta maye sarƙa, kaya sai an ɗaure, amma tana tare wanda ya suɓuce. Shi ya sa na dami Alhaji mai motar har ya yarda.

Ɗaurawar ba ta ba mu wahala ba. Mai waldan dai ya ce "maigida bari in kama ta da wuta a shasi a wuce wurin", na ce a'a malam, shasi ba a cin sa da wuta, leɓensa na sama da na ƙasa kuma ba a huda su, nan yake fara tsagewa. Muka yi faranti masu kauri muka ɗaure da bulon a ramukan da ke gefen shasi tun asali, ɗan waldar da ta rage kuma sai da na cire batir. Ba mu haɗa ta da kabin ba tunda kabin ɗagawa ake yi in za a duba inji, ga shi yana rawa a kan hanya.

Awon ne matsalar. Na tambaye shi fili ya isa? Ya sa mita tsakanin garkuwa da goshin rimok ya ce ai ko mutum sai ya kwanta a wurin. Gaskiya ne, amma mota na miƙe! In ka karya kwana kusurwar rimok zagayowa take kamar hannun agogo, ta fi goshin matsowa kusa da kabin nesa ba kusa ba. Rimok ɗin Turai daga ƙusar da ke shiga selet, wato farantin da ke haɗa rimok da kan mota, zuwa kusurwar gaba bai wuce mita 2.04, amma namu plato da aka yi wa ƙari a garaji wa ya san nasa in ba a auna ba? Mutumin da ke cewa ya saba aikin manyan motoci bai san wannan ba, wallahi abin na ci min rai.

A Zango abin ya faru, ina ja da baya zan shiga wani magaza mai ƙaramar ƙofa, na karya kan motar sosai sai na ji ƙara, kusurwar ta daki garkuwa ta lanƙwasa ta ta manna ta da bayan kabin, ta kuma datse jan tiyon iska. Kun san in jan tiyon nan mai kai wa rimok iska ya tsinke birkin rimok kamawa yake nan take, to haka na tsaya a gicciye na tare hanya, ƴan kabu-kabu na ta oda, masu amalanke na jira, yaron motata na gudun neman tiyo cikin rana. Allah Ya taimaka ba a kan gudu ba ne kuma ba wanda ya ji ciwo.

Da aka sake aikin ni na tsaya a kai. Na ɗaura igiya a tsakiyar selet, na auna tsawon ƙusa zuwa kusurwa, na zagaya da ita kamar mai zana da'ira, duk abin da igiyar ta taɓa bai da wurin zama. Na ƙara fili a kai, saboda in motar ta shiga kwari ko ta fara hawan tudu saman rimok sunkuyowa yake wajen kabin. Muka matso da garkuwar gaba, tiyon ja da rawaya da wayar wuta muka rataye su sama a tsakiya, sannan muka fita fili na karya motar hagu da dama har ƙarshe, yaro na tsaye yana kallon kusurwa. Yanzu ko rimok na canza sai na sake wannan gwajin kafin a yi lodi, don ba duka ƙusarsu ke wuri ɗaya ba.

Mai waldan har yau cewa yake rimok ɗin ne ya cika faɗi. Gyaran bayan kabin da sabon tiyo da ƙarfen da ya lalace duk daga aljihuna suka fita, Alhaji ko dala bai ƙara ba.